Suturar Murya: Bangon da Ba Ya Riƙe Sirri



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da zai yi kama da na magina da kafintoci, alhali kuwa a ganina ya shafi mutunci da zamantakewa. Wannan al'amari shi ne bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, da irin maganar da yake bari ta wuce.

Abin da ya jawo wannan rubutu

A shekarar da na yi aure na kama hayar ciki da falo a wani gida mai sassa huɗu. Gida ne sabo, an shimfiɗa masa tayil, an yi masa fenti mai kyau, ƙofar waje kuwa ta ƙarfe ce mai ado. Ban yi mako biyu da tarewa ba, wani dare bayan sallar isha'i ina kwance, sai na ji muryar maƙwabcina tamkar yana zaune a bakin gadona. Da wani yake magana a waya, yana roƙon a ƙara masa lokaci a kan bashin da ake bin sa. Na ji adadin kuɗin, na ji sunan mai bin bashin, na kuma ji yadda muryarsa ta karye. Da ya ajiye wayar, na ji matarsa tana ba shi haƙuri.

Da asuba muka haɗu a sahu ɗaya a masallaci. Ya miƙo mini hannu cikin fara'a kamar kullum, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi, domin ina ɗauke da sirrin da bai ba ni ba. A hanyar komawa gida ne wani tunani ya zo mini wanda ya fi na farko nauyi: in ni ina jin nasa, to shi ma yana jin nawa. Tun daga ranar ni da iyalina muka koma magana da raɗa a cikin ɗakin da muke biyan kuɗin hayarsa.

Dabarar farko da na yi ita ce wadda kowa yake ba da shawara. Na sayo tulin kiret ɗin ƙwai na kwali na manna a jikin bangon. Ɗakin ya yi muni, kyankyasai suka sami mafaka, muryar maƙwabcina kuwa ba ta ragu ba ko kaɗan. Sai da wani dattijon birkila ya sa na hau tsani na ɗaga falle ɗaya na silin, sannan na ga inda matsalar take. Bangon da ke tsakaninmu ya tsaya ne daidai silin. Daga nan zuwa kwano fili ne fetal, ana iya hango saman dukan ɗakunan gidan. Wato iyalai huɗu muna kwana a babban ɗaki guda, falle ɗaya na silin ne kawai ya rufe kan kowa.

Gida sutura ne

Ra'ayina shi ne, tsare murya tsakanin ɗakuna yana cikin ainihin abin da ake nufi da gida, bai kamata a ɗauke shi ƙyale-ƙyalen masu kuɗi ba. Mun fahimci suturar ido sosai. Muna ɗaga katanga, muna rataye labule, muna jin haushin wanda ya gina bene ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan maƙwabci. Amma suturar kunne mun bar ta a baya, alhali abin da kunne yake kwasa sau da yawa ya fi abin da ido yake gani tona asiri.

Wanda ya karanta Suratun Nur zai ga yadda shari'a ta kewaye gida da kariya. Aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Aya ta 58 kuwa ta shiga har cikin gidan, ta ware lokuta uku waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. To ina tambaya, idan yaro ya tsaya a waje bai shiga ba, amma duk abin da ake yi a ɗakin iyayensa yana shiga kunnensa ta saman silin da ƙarƙashin ƙofa, shin an cika manufar ayar? A Suratul Hujurat aya ta 12 an hana binciken asirin mutane. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kasa kunne ga zancen mutane alhali ba sa so, cewa za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri cewa mai yaɗa sirrin shimfiɗar aure yana cikin mafiya munin matsayi a wurin Allah.

Malamai suna bambancewa tsakanin ji da saurare. Abin da ya faɗo kunnenka ba da nufinka ba, babu laifi a kanka. Sai dai duk wanda ya zauna a irin gidan da na zauna ya san tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da yawa. Yau ka ji ba da so ba, gobe ka rage ƙarar rediyo don ka ji ƙarshen labarin, jibi matarka ta ba ƙawarta. Ginin da yake jefa mazaunansa cikin wannan jarrabawa kowane dare, gini ne mai naƙasa, ko da an yi masa ado da zinare.

Kakanninmu ba su karanta kimiyyar sauti ba, amma tsarin gininsu ya magance mafi yawan wannan. Baƙo yana tsayawa a zaure, tsakaninsa da cikin gida akwai shigifa da tsakar gida. Bangon tubali mai kauri ne, rufin soro kuwa azara ce da ƙasa mai nauyi a kanta, babu wani kogo da ya haɗa ɗaki da ɗaki. Mu muka bar wannan, muka koma bulo inci shida mai rami, da kwano, da silin marar nauyi, muka kira shi ci gaba.

Yadda sauti yake tafiya

Kafin mutum ya kashe ko kwabo, yana da kyau ya san abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai tsotse sauti, akwai kuma tare sauti.

Tsotse sauti shi ne rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin da kake. Kafet, labule mai kauri, katifa, soso, duk aikinsu ke nan. Wanda ya kafa harsashin wannan ilimi shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda a 1895 aka ɗora masa gyara wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa saboda amsa-kuwwa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren yana jerawa yana auna tsawon lokacin da sauti yake ɗauka kafin ya mutu. Shi ya sa masallaci mai kafet ya fi wanda ba shi da shi daɗin sauraron karatu. Amma wannan duk gyaran cikin ɗaki ne. Kiret ɗin ƙwai da siririn soso ba sa hana murya ratsa bango.

Tare sauti kuwa yana buƙatar abubuwa uku: nauyi, toshe kafa, da rabuwa.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60, daɗewa a cikin ƙarar da ta kai 85 na tsawon sa'o'i takwas a kullum kuwa yana iya lalata ji. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara sau biyu. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana ta wuce 30 domin a sami barci mai kyau.

Game da nauyi, ƙa'idar ita ce duk lokacin da aka ninka nauyin bango, sautin da ke ratsa shi yana raguwa da kusan desibel 5 zuwa 6. Saboda haka bulo inci tara ya fi inci shida, wanda aka yi wa filasta gaba da baya ya fi wanda aka bari tsirara, domin bulon yashi da siminti yana da ƙananan ƙofofi da iska take bi.

Game da kafa, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk inda iska za ta bi, sauti zai bi. Idan kafar da ke jikin bango ko ƙofa ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗinsa, to komai kaurinsa ba zai rage sauti da fiye da desibel 20 ba. Ƙofa mai tsawon mita 2 da aka bar tazarar santimita 2 a ƙarƙashinta ta riga ta cika wannan kashi ɗayan. Haka ramin soket da aka haƙa baya da baya a bango ɗaya, haka inda bututun ruwa ko waya suka ratsa.

Game da rabuwa, bango biyu da ke da iska a tsakaninsu, waɗanda ba su manne da juna ba, sun fi bango ɗaya mai nauyinsu tare sauti. A nan ne audugar dutse take da amfani. Ana yin ta ne da dutse da aka narkar a zafin da ya kai kusan digiri 1,500, a saƙa shi ya zama zare-zare kamar auduga. Akwai kuma 'yar'uwarta, audugar gilashi. Ita kaɗai ba ta tare sauti, amma idan aka cusa ta a cikin kogon da ke tsakanin bango biyu, ko a saman silin, tana hana kogon ya zama ganga. Ba ta kama wuta, tana kuma rage zafin kwano da ƙarar ruwan sama. Mai aiki da ita ya sa safar hannu ya rufe hanci da baki, domin tana sa ƙaiƙayi.

Abin da za a iya yi

Ga mai gini, lokacin da ya fi araha shi ne kafin a buga silin. Ka ce wa birkila bangon da ya raba sashe da sashe, da wanda ya kewaye ɗakin kwanan mai gida, ya hau har ya taɓa rufi, a cike gefensa da siminti. Ƙarin layukan bulo kaɗan ne. Ka sa a yi filasta gaba da baya, kada a haƙa soket biyu a wuri ɗaya. A tsarin ɗakuna, a sa banɗaki ko ma'ajiyar kaya tsakanin ɗakin iyaye da na yara, kada ɗakin kwana ya jingina da falon baƙi. A zaɓi ƙofar katako mai cikakken jiki maimakon ta filawud mai kogo.

Ga ɗan haya irina, akwai abin da za a iya yi da ɗan kuɗi. A manna roba a kewayen ƙofa, a toshe ƙarƙashinta. A cike duk wata tsaga. A matsar da gado daga bangon da ake tarayya, a jingina kabad cike da tufafi ko kantar littattafai a wurin. Idan mai gida ya yarda, a rufe kogon saman bango, a shimfiɗa audugar dutse a kan silin. Mu abin da muka yi ke nan, ni da maƙwabcina muka haɗa kuɗin bulo da na birkila. Ban gaya masa abin da na ji ba har yau. Na ce masa kawai ina tsoron kukan jaririnmu zai riƙa hana su barci. Muryoyi ba su ɓace ɗungurungum ba, amma sun koma gunaguni da ba a gane kalmominsa, wannan kuwa shi ne abin da muke nema.

Akwai gargaɗi guda uku da ba zan tsallake ba. Na farko, soson katifa da danginsa suna ci da wuta kamar fetur, hayaƙinsu kuma guba ne. A watan Fabrairun 2003 wuta ta kama wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka ta kashe mutum 100, abin da ya hanzarta ta kuwa shi ne soson da aka manna a bango don rage ƙara. A watan Janairun 2013 irin haka ta faru a garin Santa Maria na ƙasar Brazil, mutum 242 suka rasu. Kada wani ya lulluɓe ɗakin kwanansa da soso. Na biyu, tsohon silin na asbestos ba a fasa shi ko a huda shi haka kawai, domin ƙurarsa tana jawo ciwon huhu mai kisa. Na uku, kada neman shiru ya sa a shigar da janareta cikin ɗaki, ko baranda rufaffiya, ko a kulle shi a akwatin da iska ba ta ratsawa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Janareta wurinsa waje ne, a kan roba ko tsohuwar taya don rage girgiza, bututun hayaƙinsa ya kauce wa kowace taga. A fili, duk ninka tazara yana rage ƙara da kusan desibel 6.

Ga masu ja da wannan magana

Wani zai ce wannan almubazzaranci ne, mutane na fama da abin da za su ci. Gaskiya ne ba kowa ke da halin sayen audugar dutse ba. Amma mai gidan da ya iya sayen tayil da fitilun ado a silin ba zai ce ya rasa kuɗin layin bulo huɗu ba. Abin da ake gani ne muke kashe wa kuɗi, domin shi ke jawo ɗan haya, abin da ke ɓoye a saman silin kuwa mu yi masa ƙwauro. Ina ganin wanda ya san ɗakunansa ba sa riƙe magana ya kuma ɓoye wa mai kama haya, ya kamata ya tambayi malamai ko wannan bai shiga babin ɓoye aibin haja ba.

Wani zai ce, idan an toshe ko'ina, ya za a ji kiran salla, ko kukan yaro, ko ihun maƙwabci in wani abu ya same shi? Wannan tambaya ce mai ma'ana. Akwai matan da jin maƙwabta ne ya cece su daga dukan miji, akwai tsofaffin da nishinsu ne ya kawo musu ɗauki. Amsata ita ce, gyaran da nake magana a kai ba ya mayar da ɗaki kabari. Yana ɓatar da kalmomin hira ne, ihu da bugun bango kuwa suna wucewa. Tagogin waje suna nan a buɗe, dole ma su kasance haka a ƙasa mai zafi irin tamu, ta nan kiran salla yake shigowa. Jariri kuma wurinsa kusa da uwarsa ne. Haƙƙin maƙwabci a kanka shi ne ka ji shi idan ya nemi taimako, ba ka san abin da suke tattaunawa da iyalinsa ba.

Wani kuma zai ce mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. Wannan kuskure ne. Yawancin abin da ake suturtawa halal ne: wasan miji da mata, kukan bawa a gaban Ubangijinsa cikin dare, shawarar uwa da 'yarta, ciwon da mutum bai so a sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ɗaki ma ba don kwana kaɗai aka gina shi ba.

Bango ba ya maye gurbin ladabi

Duk da haka, zan zama mai ha'inci idan na bar ku da tunanin cewa siminti ne maganin komai. Hanya mafi sauƙi ta rage ƙara ita ce rage ta daga tushe. A cikin wasiyyar Luƙman ga ɗansa, a aya ta 19 ta surar da ke ɗauke da sunansa, akwai umarnin sassauta murya. Suratul Isra'i aya ta 110 ta yi umarni da tsaka-tsaki a karatun salla. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya tunatar da su cewa kowa da Ubangijinsa yake ganawa, kada su cutar da juna. Idan karatun Alƙur'ani aka hana a cutar da mutane da shi, ina ga wasan ƙwallo a talabijin da ƙarfe sha biyun dare, ko kiɗan biki da aka toshe layi da shi, ko wa'azin da aka ƙure a lasifika alhali akwai marar lafiya a bayan katanga?

A Najeriya akwai dokar taƙaita hayaniya da aka fitar a 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA mai kula da muhalli. Amma Musulmin da ya san cewa Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, bai kamata ya jira hukuma ta buga masa ƙofa ba. Ƙarar janaretanka da ta hana ɗalibi karatu, ko ta hana mai aikin dare barcin rana, haƙƙi ne da za a tambaye ka.

Da yawa daga cikinku yanzu kuke shirin aure, wasu suna neman haya, wasu sun fara aza harsashi. Shawarata ita ce, idan ka je duba ɗaki ka tafi da abokinka. Ka shiga ka rufe ƙofa, shi ya tsaya a ɗakin da ke kusa ya yi magana da muryarsa ta kullum. Idan kana gane abin da yake faɗi, ka san irin zaman da za ka yi. Ka ɗaga falle ɗaya na silin ka haska fitila. Idan kuwa Allah Ya hore maka gina gidan haya wata rana, ka kai bangon har sama, ka yi niyyar rufa wa bayin Allah asiri, ko Allah Ya rufa naka.

Wanda kuma ya riga ya ji abin da bai kamata ya ji ba, to amana ce ta faɗo hannunsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ya binne ta, ya yi wa mai ita addu'a, in da hali ya taimaka masa ta hanyar da ba zai gane an ji ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama maƙwabtan da ake amintuwa da su. Wallahu a'alam.